Tarakta da Fiyano a Hamadar Masar



 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga dacewar in tsaya a gabanku. An nemi in yi magana a kan imani da muhalli. Fagen yana da faɗi ƙwarai, duk wanda ya ce zai kewaye shi a zama ɗaya ba zai taɓo komai ba sai sama-sama. Shi ya sa na zaɓi wuri guda tak, wata gona a hamadar Masar da ake kira Sekem, wadda Allah ya nufe ni da ziyarta. Zan faɗi abin da ke can, in faɗi abin da ya tsaya mini a rai, har da wanda zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Sai mun fahimci Masar kafin mu fahimci gonar. A taswira ƙasa ce mai faɗi, amma mutanenta, da suka haura miliyan 100, kusan dukkansu a cunkushe suke a gefen Kogin Nilu da inda yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, a filin da bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙasar ba. Sauran duk rairayi ne da duwatsu. Ruwan saman da ke sauka a Alƙahira a shekara guda bai wuce milimita 25 ba, abin da hadari ɗaya na watan Agusta kan zubar a Kano kafin a idar da sallar la'asar. Shekaru dubbai manomin Masar da ambaliyar Nilu ya dogara, wadda kowace shekara take kwaso baƙar laka daga tsaunukan Habasha ta shimfiɗa masa a gona kyauta. A 1970 aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan. Ta kawo lantarki, ta ba da damar noma rani da damina, ta kuma kare ƙasar daga farin da ya addabi maƙwabtanta a shekarun 1980. Amma lakar nan ta tsaya a bayan madatsa. Manomi ya koma ga takin zamani da maganin ƙwari, kowace shekara yana ƙara yawan abin da yake zubawa.

Wannan hali Dokta Ibrahim Abul-Aish ya tarar da ya kawo iyalinsa ganin gida a 1975. An haife shi a 1937, ya bar Masar yana ɗan shekara 19 zuwa birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya karanta ilmin sinadarai da na haɗa magunguna, ya yi aure a can, ya kai babban matsayi a binciken magani. Mutum ne da duniya ta riga ta yi masa shimfiɗa. Abin da ya gani a ƙauyukan ƙasarsa na talauci da cuta da lalacewar makarantu da gubar da ake fesawa a gonaki ya hana shi sakat. A 1977, yana da shekara 40, ya tattara ya dawo. Bai nemi gona a bakin kogi ba. Ya sayi hekta 70 na hamada tsagwaronta kusa da garin Bilbes, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira, wurin da ko inuwar da mutum zai fake babu, wanda shi ne ya zama Sekem.

Akwai labarin da mutanen gonar suke yawan bayarwa, cewa manyan kayan da ya fara kashe kuɗi a kansu guda biyu ne: tarakta da fiyano, wato babban abin kiɗan nan na Turawa da ake dannawa da yatsu. Tarakta kowa ya gane dalilinta. Fiyano kuwa, a tsakiyar rairayi, kafin a ga ko tsiro ɗaya? A kan wannan tambaya laccar tawa take tsaye.

Mu dai yadda muka saba jera al'amura shi ne, a fara cika ciki, a biya bashi, a rufa ɗaki, in an samu rara sai a waiwayi abin ƙawa. Zane da waƙa da saƙa mai kyau da shuka fure a ƙofar gida duk mun ajiye su a sahun abin da mai ƙoshi ke yi. Abul-Aish bai yarda da wannan jeri ba. A ganinsa, mutumin da za a ce ya shekara goma yana zuba wahalarsa a cikin yashi kafin ya ga ƙasa ta yi baƙi, dole a ba shi abin da zai riƙe zuciyarsa tun daga ranar farko. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ya kuma yi imani cewa ma'aikacin da aka ɗauka a matsayin hannu biyu kawai, ba a kula da hankalinsa da idonsa da kunnensa ba, shi ma haka zai ɗauki ƙasar da yake nomawa, abin da za a tatsa a yar. Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na yarda da ita.

Aikin farko da aka yi shi ne haƙa rijiyoyi da dasa itatuwa, kimanin 120,000, mafi yawansu irin masu jure fari da ke tashi da sauri su tare iska, da turare, da kurnar nasara. Sai aka kawo dabbobi, daga baya har da shanu daga Jamus. Ba don nono kaɗai aka kawo su ba, kashinsu ake nema. Rairayi kamar rariya yake, ka zuba ruwa ya zurare, ka zuba taki ya bi ruwan. Abin da ke sa ƙasa ta riƙe laima shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba da ƙananan halittun da ke rayuwa a cikinsu, waɗanda ido ba ya gani. A Sekem na ga yadda ake haɗa wannan taki. Ana jera kashin shanu da karan amfanin gona da ganyaye a dogayen kunyoyi, a yayyafa ruwa, a bar shi ya ɗau zafi, a juya, a sake bari, har ya koma baƙi mai laushi, warinsa ya tafi ya bar ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Shi ake kwasa a kai gona, bana a zuba, baɗi a zuba, ba fashi. Na duƙa a gindin wata bishiya na damƙi ƙasar, ta dunƙule a hannuna da sanyinta. Da ka fita bayan itatuwan da suka kewaye gonar, abin da za ka damƙa zai tsiyaye ta tsakanin yatsunka.

A nan ne tunanina ya fara tafiya wani wuri. Alƙur'ani mai girma ya sha jawo hankalinmu ga matacciyar ƙasa da ake rayawa, ya sanya ta hujja a kan tashin matattu. Mu mutanen damina muna ganin wannan aya kowace shekara. Ruwa ya sauka sau biyu sau uku, kafin mako ya zagayo daji ya yi kore shar. Saurin abin da maimaituwarsa su suka sa muka daina mamaki. A Sekem babu damina. Rayuwar ƙasa a can sai ta bi ta hannun ɗan Adam, kwando bayan kwando, shekara bayan shekara, har mutum yana iya ganin matakan da a wurinmu suke wucewa cikin ƙiftawar ido. Kuma abin da ya fi girgiza ni shi ne, duk da wannan wahala, babu ko ƙwayar rai ɗaya da hannun mutum ya ƙera. Manomi ya tara kashi da kara, ya ba su ruwa, ya koma gefe. Juyawar da ke faruwa a cikin tulin nan, wadda ke mai da ƙazanta abincin tsiro, wasu bayin Allah ne ke yin ta, waɗanda ba su san sunansa ba, shi ma bai taɓa ganinsu ba. Ya yi aikinsa duka, bai rage komai ba, amma sakamakon ba nasa ba ne. Tun muna yara ake karanta mana bambancin tawakkali da zaman kashe wando. A gaban tulin takin nan na ga tawakkali da idona: gumi har ƙasa, sannan jira, ba tare da mutum ya ɗauka shi ne mai rayarwa ba.

Akwai kuma wani abu a cikin takin da ya taɓa ni. Duk abin da ya shiga cikinsa abin da aka raina ne, abin da ake toshe hanci a wuce. A gona irin wannan ba a san shara ba, domin abin da ya mutu bana shi ke ciyar da na baɗi. Na tuna mutanen da muke yanke wa ƙauna, yaron da ya faɗa shaye-shaye, matar da aure ya ƙi ta sau uku, dattijon da ya tsufa ba abin hannu. Na tuna kuma shekarun da kowannenmu yake ganin ya ɓata a rayuwarsa, waɗanda ba ya son a tuna masa. Ubangijin da ya tsara cewa daga ruɓa ake samun yabanya, shi ne ya buɗe ƙofar tuba, kuma sau da yawa wanda ya faɗi ya tashi ya fi wanda bai taɓa tuntuɓe ba taushin zuciya ga na ƙasa da shi.

Bari in koma ga mutanen. Kowace safiya, kafin a kama aiki, ma'aikatan kowane sashe sukan tsaya a da'ira, manaja da mai shara da direba kafaɗa da kafaɗa. Kowa ya faɗi a taƙaice abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Ranar Alhamis, ƙarshen makon aiki, akan yi babbar da'ira ta kowa da kowa. Abin ba ya ɗaukar lokaci, kuma wanda ya gan shi daga nesa zai ce ai ba komai ba ne. Ni kuwa na ga abu babba. A sahun salla dukkanmu alƙibla muke fuskanta, ba ka ganin fuskar na kusa da kai, haka kuma ya dace, domin tsayuwar ta Allah ce. Amma bayan an sallame, ina wurin da mai gida da yaronsa suke tsayuwa daidai, ido cikin ido, kowa ya ba da bayanin yininsa? Malaman tarbiyya sun yi dogon bayani a kan mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi kafin ya kwanta. Hisabin ɓoye yana da sauƙin ha'inci, don kai ne alƙali kai ne mai laifi. Wanda ya san gobe da safe zai buɗe baki a gaban abokan aikinsa ya ce ga abin da na yi, yininsa yakan canza tun daga hantsi. Kuma ga wanda ya taso ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, kamar 'yar ƙauyen da ta zo aikin ɗinki, a ce kowace rana akwai lokacin da jama'a za su yi shiru su saurare ta, wannan kaɗai tarbiyya ce.

Fasaha kuwa ba a ware ta gefe ba. A cikin lokacin aiki, wanda ake biyan ma'aikaci kuɗinsa, akan ɗauke shi zuwa darasin zane, ko rera waƙa tare, ko motsa jiki bisa tsari. Akwai dandalin wasanni a buɗe a tsakiyar gonar. Makarantar da aka buɗe a 1989 tana koyar da yara aikin hannu da zane da kiɗa tare da lissafi da Larabci, akwai sashen koyon sana'a, akwai na yara masu buƙata ta musamman, akwai asibitin da ke duba mutanen ƙauyukan kewaye. A 2012 suka buɗe Jami'ar Heliopolis a gefen Alƙahira, inda ɗalibin injiniya ko na haɗa magunguna dole ya ɗauki darussan fasaha. Gine-ginen farare ne, hanyoyin a share, furanni a ko'ina. Ba tsada ce ta ƙawata wurin ba, kulawa ce.

Na san abin da ke ran wasunku tun da na ambaci fiyano, kuma ba zan tsallake shi ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun ƙarnonin farko, akwai masu haramtawa, akwai masu sauƙaƙawa da sharuɗɗa, kuma ga malamaina nan zaune waɗanda suka fi ni sanin hujjojin kowane ɓangare. Wanda ya riƙi haramci, ya ajiye fiyanon, maganata ba ta rushe ba. Addinin da ya koya mana ƙawata murya da karatun Alƙur'ani, ya haifar da masu rubutun da suka mai da harafi abin kallo, ya gina masallatan Alƙahira irin na Ibn Ɗulun da na Sultan Hasan, ba zai zama addinin da ke ganin kyau a matsayin ɓata lokaci ba. Mu kanmu, magabatanmu da suka fi mu ƙarancin abin hannu sun yi wa soro zane, sun yi wa riga aska takwas, sun yi wa allon sauka zayyana. Talauci bai hana su ba. Abin da ya same mu daga baya, har muka yarda makarantar allo ta zauna a gefen kwata, harabar masallaci ta cika da leda, ba rashin kuɗi ne kaɗai ba. Ido ne ya saba da muni har ya daina ganinsa. Idon da ya daina ganin muni a ƙofar gida kuwa, da wuya ya ga zaizayar ƙasa a gona ko zalunci a kasuwa, domin kulawar guda ce. A hadisin Mala'ika Jibrilu, bayan musulunci da imani an ambaci ihsani a matsayin ƙololuwa, kuma malamai sun bayyana cewa kyautatawar ta shafi kowane aiki, har yadda ake yanka dabba.

Kada a ɗauka wurin mafakar masu gudun duniya ne. Kasuwanci suke yi sosai. Sun fara da wani tsiro da ake tatsar maganin cutar fata daga gare shi, irin cutar da ke sa jiki dabbare-dabbaren fari, suka shiga ganyen shayi da kayan ƙamshi da kayan lambu da tufafin auduga, suna sayarwa a Masar da Turai. Babban abin da suka yi wa ƙasarsu a kan auduga ne. A da, jiragen sama ne ke bi ta kan gonakin audugar Masar suna feshin maganin ƙwari, gubar tana sauka a kan amfanin gona da magudanan ruwa da mutane da dabbobi. A farkon shekarun 1990 mutanen Sekem tare da masana suka gwada noman auduga ba guba. Cikin dabarun akwai tarko mai ɗauke da ƙamshin da macen ƙwaron ke fitarwa, wanda ke ruɗar da mazan, haihuwa ta ragu, tsutsa ta yi ƙaranci. Gwajin ya yi kyau a gonaki masu yawa, har gwamnati ta dakatar da feshin jirgi a kan auduga. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2003 aka ba Abul-Aish da Sekem lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Miliyoyin mutanen da suka daina shaƙar wannan guba ba su san wanda ya yi sanadi ba, kuma ina ganin sadaka ba ta da wata siffa da ta fi wannan tsarki.

Akwai wani shiri nasu da ya sa ni dogon tunani. Iyalai matalauta a yankin sun dogara da abin da yaransu ke samowa a gonaki. Maimakon su kori yaran su koma inda za a fi cutar da su, sai suka karɓe su suna tsinkar furen babunaj, wanda ake shayi da shi, na wani ɓangaren yini, sauran yinin kuma karatu, da abinci, da duba lafiya. Akwai masu cewa aikin yara aikin yara ne ko an yi masa kwalliya, kuma maganarsu tana da nauyi. Ni dai da na auna da yaran da nake gani da farantin talla a tashoshinmu, waɗanda dokar hani ba ta ciyar da su ba, ba ta kuma kai su aji ba, na fi karkata ga wanda ya fara daga inda yaron yake tsaye.

Yanzu ga inda zuciyata ta tsaya. Tsarin noman da suke bi ya samo asali daga laccocin da wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, ya gabatar a 1924. A cikinsa akwai abin da hankali da gwaji suka tabbatar, kamar haɗa taki, da juya amfanin gona, da haɗa kiwo da noma wuri guda. Akwai kuma abin da ban karɓa ba, irin cusa kashin saniya a ƙaho a binne shi tsawon hunturu, a tono a dama ɗan kaɗan a ruwa a yayyafa wa gona, da duban matsayin wata da taurari kafin shuka, bisa wata fahimta ta ruhi da ba tamu ba. Abul-Aish Musulmi ne, ya kuma rayu yana cewa abin da ya koya a Turai ya ƙara buɗe masa Alƙur'ani ne. Duk da haka maƙwabta sun yi zargi. Sunan Sekem daga tsohon harshen Masar na zamanin Fir'auna aka ɗauko shi, yana da alaƙa da ƙarfin rai da ke zuwa daga rana, ga kuma mutane suna tsayuwa a da'ira da sassafe, sai wata jarida ta rubuta cewa masu bautar rana ne, magana ta kai har kan mumbari. Yadda ya ɓullo wa abin ya burge ni. Ya gayyaci malamai da shugabannin yankin zuwa gonar, ya zaunar da su, ya bi ayoyin da ke magana a kan ƙasa da ruwa da amanar da aka ɗora wa ɗan Adam, ya nuna musu aikin da idonsu. Gani ya kori ji. Matsayina shi ne, Musulmi yana iya ɗaukar takin ya bar ƙahon. Ƙin duban aikin gaba ɗaya saboda asalin wanda ya fara shi hasara ce, haɗiye shi duka ba tacewa kuma sakaci ne da aƙida.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne ruwa. Duk koren da ke Sekem da ruwan da aka jawo yake rayuwa. Gonar farko tana kusa da yankin da ruwan Nilu ke kaiwa, amma daga wajen 2008 sun buɗe sababbin gonaki a wurare masu nisa, ciki har da dausayin Bahariyya a hamadar yamma. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na wannan yanki tsohon ruwa ne, wanda ya taru tun zamanin da Sahara take samun damina, dubban shekaru da suka wuce, kuma babban tafkin da ke ƙarƙashin ƙasar ya ratsa Masar da Libiya da Sudan da Chadi. Abin da aka zuƙa ba ya dawowa a tsawon rayuwar jikokinmu. Gaskiya ne ƙasa mai taki ta fi riƙe laima, ban-ruwanta bai kai na gonar takin zamani ba, amma ragin ci ba ya mai da rijiya kogi. Wannan ya sa na tambayi kaina ko kowace hamada ce aka umarce mu mu mayar gona.

Domin hamada ba kuskure ba ce a cikin halitta da ke jiran mu gyara. A kwarin da babu shuka Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya ajiye Hajara da jaririnta, kuma ita Hajara, bisa abin da malaman tarihi suka ruwaito, 'yar Masar ce. A kogon dutse mai ƙuna wahayi ya fara sauka. A wannan hamada ta Masar ɗin dai, tun ƙarni na 4, masu ibada na Kirista suka ƙaurace wa birane suka zauna a Wadi Natrun, kuma gidajen ibadarsu suna nan da mutane a ciki har yau. Akwai abin da fili fetal yake yi wa zuciya wanda lambu ba ya yi. Da yamma na fita bayan itatuwan gonar na tsaya ina duban inda ƙasa ta haɗu da sama, ba gida, ba bishiya, ba abin da zan ce nawa ne ko na wani. A irin wannan wuri mutum yake sanin girmansa na gaskiya, ya gane cewa kurɓin ruwan da ke cikin gorarsa kyauta ce, kuma numfashin da zai ja nan gaba ba a hannunsa yake ba. Mutanen Sekem sun raya wani yanki na hamada, na kuma yaba musu, amma ina ganin hamadar ce ta fara yi musu tarbiyya. Wanda ya san kowane ɗigo da wahala ya zo ba ya wasa da shi. Ranar da nasara ta sa aka manta da wannan, aka shiga ƙirga hekta ana faɗaɗawa don ana iyawa, aikin zai rasa abin da ya bambanta shi da na kowane kamfani.

A nan ne na ga ya dace in ambaci wani aiki na kusa da mu, domin lambar yabon nan da aka ba Abul-Aish, a 2018 an ba da ita ga Tony Rinaudo saboda aikin da ya fara da manoman jihar Maraɗi a shekarun 1980, da kuma Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a fako. A Maraɗi ba a haƙa rijiya ba, ba a kawo shanu daga Turai ba. Manoma sun daina sassabe tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suka riƙa zaɓar reshe mai ƙarfi suna rage sauran, saiwar da ke raye a ƙarƙashi ta yi sauran aikin. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Bambancin a fili yake: ƙasarmu ba hamada ba ce tun asali, gajiya ta yi, kuma ran yana nan a ƙasa. Abin da za mu ɗauko daga Sekem ba rijiyoyinsu ba ne. Abin da suka fi mu shi ne sun haɗa gyaran ƙasa da makaranta da asibiti da zane da mutunta ma'aikaci a tukunya ɗaya, sun ƙi yarda a ce wannan na ma'aikatar gona ne, wancan na malamai ne, wancan kuma sai an yi arziki.

Dokta Ibrahim Abul-Aish ya rasu a watan Yuni na 2017, cikin Ramadan, shekara 40 bayan ya sayi filin nan. Ɗansa Hilmi ne ke jan ragamar aikin. A 'yan shekarun nan sun fi mai da ƙarfi ga ƙananan manoma dubbai a tsofaffin gonakin bakin Nilu, suna koya musu haɗa taki da dasa itatuwa a iyakar gona da barin guba, suna kuma nema musu kasuwa da ƙarin kuɗin shiga don kada sauyin ya karya su a shekarun farko. A ganina wannan hanya ta fi buɗe sabuwar hamada dacewa da amanar ruwa, domin tana gyara ƙasar da mutane suke kai tun kaka da kakanni, da ruwan da dama can shi suke sha. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanya itatuwan da ya dasa a mizaninsa.

Na ga lokacin magariba ya matso, kuma shugaban zama ya ce za a karɓi tambayoyi bayan salla.